Aiki da Wasa Bisa Juyin Shekara a Ƙasar Gwandu

Galibin abin da aka rubuta a kan wasannin gargajiya na Hausawa ya ɗauke su ne tamkar abin da mutane ke yi idan sun rasa abin yi. Akan jera sunayensu, dambe da kokawa da sharo da farauta da langa, a bayyana ƙa'idojin kowanne, sa'an nan a rufe da cewa ana yin su da kaka ko da rani domin nishaɗi. Wannan bayani gaskiya ne, amma ya bar babbar tambaya a buɗe, watau me ya sa sai da kaka, me ya sa sai da rani, kuma mene ne ya ba mutane wannan sarari? Wannan maƙala za ta dubi tambayar a wani ɗan yanki na yammacin ƙasar Hausa, daga tudun Gwandu inda garuruwa irin su Dalijan da Kambaza da Malisa suke, zuwa bakin fadamar gulbin Kabi wajen Kalgo da Diggi da Zuguru, duka a cikin Jihar Kebbi ta yau. Abin da za a nuna shi ne, ruwan sama da cikar gulbi su ne suka auna wa mutanen wannan yanki aikinsu da wasansu da mudu guda, kuma duk sa'ad da tarihi ya taɓa ɗaya daga cikinsu sai ɗayan ya motsa.

Da farko ya kamata a san ƙasar. Ruwan sama yakan sauka sosai a nan daga watan Yuni zuwa Satumba, watau wajen wata huɗu, ya bar sauran wata takwas ba ko ɗigo sai abin da ba a rasa ba. Bahaushe ya raba wannan shekara da sunaye: bazara, lokacin zafi mai tsanani da haɗari marar ruwa, da damina, wadda mutanen nan ke kira damana bisa karin harshensu na yamma, da kaka, da hunturu ko ɗari, da rani. A tsakiyar damina akwai marka, sa'ad da ruwa ke wuni yana zuba, a ƙarshenta kuma akwai agazari mai gumi. Sunayen nan ba na wata ba ne, domin ba su bin tsayuwar wata. Saboda haka mutumin Gwandu ya daɗe yana tafiya da lissafi biyu: na wata, wanda yake kawo masa Azumi da Salla da tashe, yana zagaya shekara yana faɗawa kowane yanayi, da na rana da taurari, wanda yake kawo masa shuka da girbi da dambe. Malamai masu hisabi sun riƙe lissafin buruji da taurari domin amfanin manoma, shi kuwa manomi da kansa yakan lura da Kaza da 'Ya'yanta, ya san ɓacewarsu da bayyanarsu.

Amma fa yankin da ake magana a kansa ba ƙasa iri ɗaya ba ce. Gwandu da Dalijan suna kan tudu ne mai yashi da duwatsu da kwaruruka, ƙasar gero da dawa da wake. Kalgo kuwa tana kallon fadama, inda gulbin da ya taso daga wajen Sakkwato, wanda ake kira Rima ko gulbin Kabi, yake malala ya cika fili mai faɗin gaske kafin ya gangara ya sami Kwara. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ba ta da yawa, amma shekararsu ba ta zuwa daidai. Na tudu yakan yanke gero tun a Satumba, ya ɗaure dawa a Nuwamba, aikinsa ya ƙare. Na fadama kuwa a lokacin nan shinkafarsa tana cikin ruwa, irin shinkafar nan ta gargajiya da ke tsawo tana bin ruwa yadda ya hau, sai ruwa ya janye a ƙarshen shekara yake samun yankanta. Bayan shinkafa ga kifi, bayan kifi ga kaftun fadama kafin sabon ruwa. Wannan saɓani na lokaci shi ne ya sa mutanen biyu suka zama abokan bukatar juna. Idan hannun na tudu ya sami sarari, na fadama yana neman hannu.

Damina ba ta da wasa. Wannan magana tana iya zama kamar an cika ta, amma wanda ya san halin wata huɗun nan ba zai yi musu ba. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga noman farko ga maimai, ga sauro da zazzaɓi. Sai dai ita gasa ba ta ɓace ba, ta koma cikin gona ne. A wurin gayya samari kan jeru kowa da kuyyarsa, makaɗin gangar noma yana binsu yana zuga su da kirarin iyayensu, 'yan mata suna kallo, wanda ya riga fita kuyya shi ne gwani, wanda aka bari baya ya sha ba'a har wata shekara. Duk abin da ke cikin filin dambe yana nan: makaɗi, da kirari, da 'yan kallo, da kunya, da asiri ma, domin manoma sun yi imani da magungunan ƙarfi da na karya abokin gasa. Sarautar Sarkin Noma ita ce kambin wannan fage. Ba abin mamaki ba ne da ya kasance Muhammadu Bawa Ɗan'anace, mutumin ƙasar Sakkwato wanda ya yi suna da waƙoƙin 'yan dambe irin su Shago, ya kasance kuma mawaƙin manoma. Aikin guda ne, watau tsima namiji ya yi abin da ya fi ƙarfinsa a gaban jama'a.

Da an ɗaure dammuna an kai gida sai fage ya tashi daga gona ya koma dandali. Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, to haka dambe da kokawa suke, ba a yin su da yunwa. Akwai kuma wani dalili da ya wuce ƙoshi. Kaka ce lokacin da dukiya take hannun talaka, ita ce lokacin aure da biyan bashi da kyauta. Ɗan dambe da makaɗinsa da maroƙinsa duk da kyauta suke rayuwa, kuma kafin kuɗi su yawaita kyautar nan damin gero ce da tufa da akuya. Dambe kuwa tun asali wasan mahauta ne, shi ya sa kalangu, kiɗan 'yan fawa, ya zama kiɗansa. Mahauta sukan bi garuruwa da kaka saboda a lokacin ne ake bukukuwa ana sayen nama, su yi sana'a da rana su yi dambe da yamma, samarin gari su fito su tare su. Ɗan dambe yakan naɗe hannu guda da zare ya mai da shi makamin duka, ɗaya hannun ya zama garkuwa, a yi turmi uku, wanda ya kai ƙasa a ce an kashe shi. Kalmomin nan na yaƙi ne, kuma za a ga dalilin haka nan gaba.

Kokawa, ko kokuwa a bakin mutanen yamma, ta fi dambe shiga jinin manoma, domin ba ta keɓanta ga wata sana'a ba. Ƙauye kan gayyaci ƙauye, a haɗu da farin wata, a fara da yara a ƙare da manya. Ƙasar Kabi da ta Arewa, har zuwa Dogon Dutsi a cikin Nijar, sun yi fice a kanta ƙwarai. A nan ya dace a tuna cewa labarin kafuwar daular Kabi kansa labarin ɗan wasa ne. Bisa ga abin da ake bayarwa na baka, Muhammadu Kanta ya tashi ne yana kiwo a cikin Fulani, ya gagari tsaransa a dambe da kokawa har samari suka taru a bayansa, daga nan ya zama shugaban mayaƙa. Tarihin da aka rubuta ya tabbatar da ƙarshen labarin, domin littafin Tarikh al-Sudan ya ambaci yadda Kanta ya yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye wajen 1516 bayan yaƙin Agadas. Farkon labarin kuwa, ko ya faru haka ko an ƙawata shi, ya nuna matsayin da Kabawa suka ba fagen wasa: wurin da ake gane wanda za a bi.

Su ma Fulanin ƙasar Gwandu, waɗanda C. E. Hopen ya rubuta littafi a kan zamansu aka buga a 1958, shekararsu tana da nata juyi. Da damina sukan nisanta shanu daga gonaki da laka, da kaka su sauko su ci kara, manomi ya ba su hatsi domin su kwana a gonarsa ya sami taki, da rani kuma su gangara fadama inda ɗanyar ciyawa ta rage. Sharo yakan zo ne a irin waɗannan lokatai na haɗuwa, a kasuwa ko wurin biki, sa'ad da dangi da suka watse suka sake taruwa.

Rani a Hannun Mayaƙa

Wanda ya karanta abin da ya gabata zai iya zaton rani ya kasance lokacin hutu tun fil azal. A ƙarni na goma sha tara ba haka abin yake ba a wannan yanki. Sararin da ruwa ya bari shi ne sararin yaƙi. Doki ba ya tafiya cikin laka, fadama ba ta ƙetaruwa da damina, mayaƙi kuwa manomi ne da ba zai bar gonarsa ba sai ya ɗaure hatsi. Idan aka dubi manyan ranakun tarihin yankin za a ga yawancinsu sun faɗo ne bayan ɗaukewar ruwa ko kafin saukarsa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a watan Afrilu 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. A cikin wannan shekara jama'ar Shehu suka koma Gwandu da zama, kuma a ƙarshenta aka yi yaƙin Alwasa inda suka sha wuya, abokan gaba suka biyo su har Gwandu kafin a kore su. Bayan da Shehu ya raba kula da ƙasa a 1812 yamma ta zama rabon Abdullahi, daga baya kuma Gwandu ta zama mazauninsa har ya rasu a 1829.

Kabawa ba su taɓa sallamawa gaba ɗaya ba. An kashe Sarkinsu Karari a 1831, amma a 1849 ɗansa Yakubu Nabame ya ɗaga tuta a Argungu, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka mara masa baya. Daga nan har zuwan Turawa, in ban da sulhun da ake kira Lafiyar Toga wanda ya ɗauki shekarun 1867 zuwa 1875, ƙasar da ke tsakanin Gwandu da Argungu bakin daga ce. Tsananin abin ya sa aka mai da fadar Gwandu Ambursa wajen 1860 domin a tsare iyaka. A zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau a 1883, garuruwan Gwandu sun ga tashin hankali ƙwarai, har ana cewa ya ci garuruwa casa'in.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya iso Gwandu a watan Mayu 1853 zamanin Sarki Halilu, kuma a nan ne ya sami kwafin Tarikh al-Sudan da aka ambata. Ya yaba kwarin da ya ratsa garin saboda ayaba da albasa, abin da ke nuna noman lambu tsohon aiki ne a Gwandu. Amma ya tarar da gari cikin tsoro, mahara suna zuwa kusa da ganuwa. Da ya tashi a farkon Yuni ya bi ta Kambaza da Gulumbe da Birnin Kabi, ya wuce Zuguru da Diggi, ya ƙetare fadama zuwa Zogirma yana gaggawa kafin ruwa ya rufe hanya, ya ci gaba har kwarin Foga inda ya ga masu dafa gishiri, wani aikin da shi ma sai ƙasa ta bushe ake yinsa. A irin wannan zamani farautar gayya, wadda ƙauyuka ke haɗuwa su yi da rani da karnuka da kulake da baka, ta kasance makarantar yaƙi, dambe da kokawa kuma gwajin waɗanda za su tsaya a kan ganuwa. Shi ya sa harshen dambe ya cika da kisa da garkuwa.

To, ina matsayin malaman jihadi a kan waɗannan wasanni, tun da Gwandu garin malamai ce? Kokawa ita kanta ba ta da matsala a wurinsu, domin an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana, harbi da sukuwa kuwa abin kwaɗaitarwa ne. Inda gardama take shi ne abin da ke rakiyar wasan: kiɗa, da cuɗanyar maza da mata, da tsafi. Shehu Usmanu ya yi suka mai ƙarfi a kan yanka ga itatuwa da duwatsu, a kan kiɗa kuwa ya sassauta a rubuce-rubucensa na baya, alhali ƙanensa Abdullahi ya tsaya a kan tsanantawa. Duk da haka kalangu bai mutu a ƙasar Abdullahi ba. Abin da ya faru, bisa ga dukkan alamu, shi ne rabon wuri: birni da fada suka riƙe sukuwa da hawan Salla, ƙauye da unguwar mahauta suka riƙe nasu, laya mai ayoyi ta zauna a damtsen ɗan kokawa kusa da kambun da ya gada.

Su

A fadama babban abin rani shi ne su. Idan ruwa ya janye yakan bar tafkuna da gurabe masu zurfi a cikin gulbi, kifi ya taru a ciki: giwan ruwa, da tarwaɗa, da karfasa, da kurungu, gaiwa kuma ta shige laka ta jira wata damina. Da za a bar kowa ya shiga sa'ad da ya ga dama, da kifin ya ƙare kafin bazara. Saboda haka al'ada ta sa wa manyan gurabe takunkumi a hannun Sarkin Ruwa da sauran shugabannin masunta, ba mai jefa homa sai ranar da aka yi fashin ruwa aka buɗe. A ranar nan garuruwa kan hallara, kowane mutum da homarsa biyu da goransa, wanda yake hawa ya yi iyo kuma yake zuba kifi a ciki, a faɗa ruwa gaba ɗaya. Hikimar shiga tare a fili take, domin taron ne ke ruɗa kifi ya rasa mafaka, abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. A nan ba a iya raba aiki da wasa ko da wuƙa. Mutum yana neman abincin iyalinsa, yana kuma neman a ce shi ya kama babba, makaɗa suna cikin jirgi suna zuga shi. Wasannin ruwa da ake kira kabanci, watau tseren jirage da nutso da kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa, duk gwanintar sana'a ce aka fito da ita fili.

Wannan su na gargajiya shi ne aka ɗauka a 1934 aka yi wa Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu sa'ad da ya ziyarci Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe gabar da ta haura shekara ɗari. An ce da aka yi shawarar abin da za a nuna wa baƙon, sai aka ga dambe da kokawa ba baƙi ba ne ga Basakkwace, abin da ba shi da shi shi ne su. Daga nan bikin ya ɗore a Matan Fada, ya girma har Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta a 1970, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Abin lura a nan shi ne, a Argungu ne aka fara cire wani yanki na shekarar talaka aka sa masa rana bisa bukatar manya. Ada ruwa ne ke faɗin ranar su, Sarkin Ruwa ya sanar. Daga baya sai ya zama hukuma ce ke faɗi, ruwa kuma a nemo shi.

Zuwan Turawa a 1902 da 1903 ya kashe yaƙi, bayan tarzomar Satiru ta 1906 kuma fadar Gwandu ta koma Birnin Kabi. Da an ce rani ya dawo hannun talaka ke nan, to amma haraji ya riga shi. Haraji na kuɗi ne, ana karɓarsa bayan girbi, tudun Gwandu kuwa ba shi da amfanin gona mai kawo kuɗi kamar gyaɗar Kano. Sai cin rani, wanda dā ma akwai shi tsakanin tudu da fadama da kuma wajen fatake da almajirai, ya zama doguwar tafiya. Samari suka riƙa fita da an gama kaka, wasu zuwa gonakin koko na ƙasar Yarabawa, wasu haƙar kuza a Jos, wasu har Kumasi da sauran garuruwan Gwalkwas, su yi dako da ga-ruwa da leburanci, su komo da bazara da kuɗin haraji da tufafi da abin aure. A ranin 1952 zuwa 1953 an sa masu ƙidaya a kan hanyoyin fita daga Lardin Sakkwato, wanda Gwandu ke cikinsa a lokacin, aka ƙirga fiye da mutum dubu ɗari biyu da hamsin, cikinsu har da masu ratsowa daga ƙasar Faransa. R. M. Prothero ne ya yi nazarin wannan ƙidaya. Mai karatu ya auna abin da wannan adadi ke nufi ga dandali: waɗanda suka tafi su ne maza masu jini a jika, watau 'yan kokawa da 'yan dambe da mafarauta. Gari ya rage daga tsofaffi sai mata, masu sussuka da kaɗi da daddawa, sai masaƙa da maginan da suka tsaya yaɓe da jinka. Lokacin wasa ya takure ya koma 'yan makonnin da ke tsakanin ɗaurin dawa da tashin matafiya.

Amma wasan ya bi masu shi. A zangon Hausawa na garuruwan kudu da na Gwalkwas 'yan cin rani suka riƙa kafa fage, kuma a can ne dambe ya koyi zama da kuɗin ƙofa. Rabuwar 'yan dambe zuwa ɓangarori, Kudu da Arewa, wadda ake kira Jamus, da Guramada, ta dace da fagen birni inda baƙi daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗu, domin a ƙauye ɗan dambe sunan garinsu yake karewa. A Nijar kuwa gwamnati ce ta ɗauki kokawa ta mai da ita gasar ƙasa, aka fara kokawar takobi a Tawa a 1975.

Canji na uku ya zo ta ruwan kansa. Bayan farin 1972 zuwa 1974 aka gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka gama a 1978, aka kuma gama ta Goronyo a kan Rima a 1984. An yi magana da yawa a kan manoman Bakolori da aka ƙwace wa gonaki da kashe-kashen 1980, amma ba a cika tuna na ƙasa da madatsun ba. Binciken da aka yi a fadamar da ke ƙasa da Bakolori ya nuna ambaliya ta ragu a tsawo da daɗewa, filin shinkafa ya tsuke, kifi ya ragu, domin kifi a cikin ciyawar da ruwa ya rufe yake hayayyafa. Masunta da dama suka koma cin rani su ma, wasu Yawuri da tafkin Kainji, wasu har Chadi. Sa'an nan ruwan da aka tare yana iya zuwa ba bisa lokaci ba, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2010. Shinkafar gargajiya ta saba da ruwan da ke hawa sannu-sannu, ba ta jure wanda aka sako dare ɗaya.

Irin wannan ya faru a wasu wurare masu nisa, kuma kwatanci zai taimaka. Garuruwan bakin teku na hamadar Larabawa, kamar Dubai da Kuwait, sun rayu a kan nutson lu'ulu'u, maza su fita teku daga Yuni zuwa Satumba su bar gari ga mata da tsofaffi. Da lu'ulu'un da Japan ke renonsa ya karya kasuwa a shekarun 1930, daga baya kuma man fetur ya zo, sana'ar ta mutu. A 1991 aka ƙirƙiro tseren jiragen ruwa na Al Gaffal a Dubai domin tunawa da komowar masu nutso. Can aikin ya tafi wasan ya rage shi kaɗai. A gulbin Kabi abin bai kai haka ba, domin har yanzu akwai masu ci da homa, amma mai kallon bikin Argungu, wanda aka daina yi bayan 2009 sai a watan Maris 2020 aka sake, ya kamata ya tambayi kansa kashi nawa na abin da yake gani sana'a ce, kashi nawa kuma tuni ne.

Abin da ya fi madatsun ruwa tasiri a kan rani ƙaramin abu ne, watau injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse ta fadama. Dā mai lambu da jigo yake ɗebo ruwa, guga-guga, saboda haka lambu ba ya wuce abin da ƙarfin mutum ɗaya zai shayar. Daga shekarun 1980, da kuma shirin Fadama na shekarun 1990, injin ya bazu. Albasar da Barth ya yaba a Gwandu ta zama babbar sana'a a wannan yanki, musamman wajen Aliero, ana lodinta daga nan zuwa kudu. Shinkafar rani ta bi baya, har ya zama a Birnin Kabi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamba 2015. Ba mai musun alherin wannan, domin saurayin da dā zai tafi Ibadan dako yana iya samun abin aure a fadamar Kalgo, kuma da ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar damina a Jihar Kebbi, noman rani ne mutane suka dogara da shi su farfaɗo. Sai dai manomin rani ba shi da kaka irin ta kakansa. Yana gama yankan ta damina zai zuba iri, ya yi dashe cikin sanyin Janairu, ya kwana wajen inji yana lissafin mai, ya yanke da bazara, ruwan shuka kuma ya sauka a kansa. Watannin Fabrairu da Maris, waɗanda dā su ne na su da farauta, yanzu su ne lokacin da shinkafarsa ta fi bukatar ruwa da taki da korar tsuntsu. Mutumin tudu daga wajen Dalijan da ke gangarowa aikin fadama yana nan yana gangarowa kamar dā, sai dai yanzu dashe yake zuwa yi, ana biyansa da kuɗi a kan kowane fangali.